Tambaya da Amsa: Jima'i, Saduwa, Kwanciya, Wai Daga Ina Kalmomin Nan Suka Fito?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama, barka da ƙoƙari Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne ina karantar Hausa a kwalejin ilimi, rannan musu ya kaure tsakanina da wani abokina, shi yace wai Bahaushe bashi da kalmarsa ta kansa ta abinda ke faruwa tsakanin miji da mata, duk aro ne daga Larabci in banda na batsa da ba'a iya faɗa a gaban mutane, ni kuma nace ba haka bane amma da yace in kawo hujja sai na rasa ta cewa. Dan Allah a raba mana gardama, kuma ita kalmar jima'i ɗin meye asalinta? Ɗalibinki daga Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Abokinka ya faɗi rabi ne ya bar rabi. Jima'i dai kam aro ce daga Larabci, tushenta baƙaƙe uku ne, jim da mim da ain, kuma duk inda ka gansu tare to maganar haɗuwa ko taruwa ake yi. Daga nan muka samu jama'a, da Juma'a ranar da ake taruwa a masallaci, da jami'a, da jam'iyya, da ijma'in malamai, har da jam'in nan da kuke karantawa a nahawu tare da tilo. Kaga kenan ita kanta a can gidansu sakaya zance ce, haɗuwa kawai take nufi, Balaraben ma kewaye ya yi. Mu da muka aro ta sai muka ɗaure ta a kan abu ɗaya tak, shi yasa yau ita ce kalmar da likita da malami da ɗan jarida suke ɗauka in suna so a gane ba tare da kokwanto ba.

Amma cewa bamu da namu, wannan kam a'a. Saduwa tamu ce, daga sadu, irin wadda mai gabatar da shiri a rediyo zai ce sai mun sake saduwa ba wanda zai ji komai, amma da an ce ya sadu da iyalinsa kowane baligi ya gane. Tarawa tamu ce, ya tara da ita. Kwanciya, kwanciyar aure, auratayya, kusanta, haɗa shimfiɗa, duk Hausa ce tsantsa. Ana cewa yarinya bata san namiji ba, ko ba'a taɓa ta ba. Ka shiga gidan mai mata biyu ko uku kuma kaji wani salon daban, can ba wanda zai ambaci abin da sunansa, sai dai kaji rabon kwana, yau wance ke da girki, wance ce da turaka, an yi satar kwana, kuma kalmar girki ɗin nan ita kaɗai ta ɗauke tukunya da miji da dare gaba ɗaya, har ƙaramin yaro zai iya cewa yau Umma ce da girki bai san me ya faɗa ba bayan tuwo. Ni wallahi wannan hikimar tana burge ni, a zauna gida ɗaya da yara da surukai da baƙi a tsara al'amari mai nauyi haka a bainar jama'a ba tare da an kunyata kowa ba.

Na kai tsaye kuma akwai su, tsofaffi ne a harshen ba baƙi ba, ɗaya daga ciki ma aikatau ne da muke amfani dashi kullum a wajen abinci da kasuwa da zaɓe da jarrabawa, ka gane wanda nake nufi. Bazan jera su a mujallar da yara ke ɗauka ba. Abinda ya tura su gefe shine kunya, kunyar nan da ta hana mace kiran sunan mijinta sai dai maigida ko malam ko baban wane, ta hana uwa kiran sunan ɗan fari, ta sa muke cewa zan kewaya ko zan kama ruwa, muke cewa tana da juna biyu, ta sauka lafiya, wane ya rasu. Sannan ka lura ita kalmar sakayawa tana tsufa, in aka daɗe ana amfani da ita sai ta ɗauki nauyin abinda take rufewa, a sake nemo wata. Dubi gindi, asalinsa ƙasan abu ne, gindin bishiya, gindin murhu, har gobe muna faɗa, amma da zarar an jingina shi ga mutum sai ya zama abinda mai tarbiyya baya furtawa, sai aka koma ana cewa gaba ko ƙasa.

Ka kuma gaya wa abokinka wannan, ita kalmar jima'i da ma'anar da muka sani bata zo a cikin Alƙur'ani ba ko sau ɗaya, ta malaman fiƙihu ce. Alƙur'ani sakayawa yake yi. A Baƙara aya ta 187 da ake maganar daren azumi an zo da mubashara, daga bashara wato fatar jiki, ma'ana fata ta haɗu da fata, kuma a ayar ne aka ce mata sutura ne ga maza, maza sutura ne ga mata. A aya ta 222 an ce kada ku kusance su har sai sun yi tsarki. A ta 237 an zo da shafa. A Nisa'i 23 an zo da shiga, wanda daga nan malamai ke cewa an yi dukhuli ko ba'a yi ba. A A'arafi 189 an zo da lulluɓewa. Nana Maryam ma cewa ta yi wani mutum bai shafe ni ba. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa shiga da shafa da taɓawa duk jima'i ake nufi, sai dai Allah mai karamci ne yana sakayawa da abinda ya so. Kai har a Ibrananci, a farkon Attaura, cewa aka yi Adamu ya san matarsa, sanin nan dai da mu ma muke faɗa. To Bahaushe ya tarar da addini yana tafiya a hanyar da shi ma yake bi, sai abin ya zauna daram.

TAMBAYA: Salam Malama. Ina koyar da matan aure a wata islamiyya, to duk ranar da muka zo babin wanka sai aji ya rikice, wasu su rufe fuska da hijabi wasu suyi ta ƙyalƙyala, ni kaina sai in ji bakina ya yi nauyi. Na kan ce musu ba kunya a addini amma wata tace min wai wannan ba hadisi bane. Sannan suna tambayata me janaba take nufi a asali, me ya raba maniyyi da maziyyi, ni dai hukuncin na sani ban san tushen kalmomin ba. 'Yar'uwarki daga Gusau.

AMSA: 'Yar'uwa Allah ya saka da alheri, aikin da kike yi babba ne. Ɗalibarki ta yi gaskiya, ba kunya a addini ba hadisi bane, kuma in aka ɗauke shi a yadda yake ma ya ci karo da hadisin da ya inganta cewa kunya tana daga cikin imani. Maganar da ta tabbata ita ce Allah baya jin kunyar gaskiya, tana cikin Ahzab aya ta 53, kuma da ita Ummu Sulaim ta buɗe tambayarta lokacin da ta zo wajen Manzon Allah (SAW) tace shin akwai wanka a kan mace in ta yi mafarki, yace eh in ta ga ruwa, Ummu Salama tana wajen har ta rufe fuskarta dan kunya. Ki basu wannan labarin kafin ki buɗe littafi, su ga cewa wadda ta rufe fuska bata yi laifi ba kuma wadda ta yi tambayar ita ta amfanar da mu har yau. Nana A'isha ta yabi matan Ansar a kan cewa kunya bata hana su neman fahimtar addini ba. Sayyidina Aliyu kuma da maziyyi ya dame shi ya ji nauyin tambayar surukinsa, bai haƙura ya zauna cikin duhu ba, sai ya aiki Miƙdad ɗan Aswad ya tambayo masa, aka ce ya wanke gabansa ya yi alwala. In akwai wadda bata iya tambaya a aji ki ce ta rubuto a takarda ba suna, ki amsa wa kowa.

Toh janaba. Tushenta janbu ne, wato gefe, daga nan aka samu ma'anar nisa, shi yasa ake ce wa wanda ba muharrami ba ajnabi, kuma a Nisa'i 36 an kira maƙwabci na nesa da aljaril junubi, kalmar nan dai da ake kiran mai janaba da ita. Mai janaba shine wanda aka ce ya tsaya gefe daga sallah har sai ya yi wanka. Kinga kalmar bata ce mutum ya zama ƙazami ba, wannan yana da kyau matan su sani, dan akwai masu ɗaukar kansu kamar najasa har su ƙi taɓa jariri ko tukunya, alhali hadisi ya tabbata cewa mumini baya zama najasa.

Farji asalinsa tsaga ko buɗi tsakanin abu biyu, a suratu Ƙaf aya ta 6 an ce sama bata da furuj, wato bata da tsaga, kuma a Larabci kalmar ta haɗa na namiji da na mace, shi yasa a Nur 30 da 31 aka umarci maza da mata duka su tsare farjinsu, mu ne a Hausa muka keɓe ta ga mace. Azzakari kuwa zakar ne, asalin ma'anarsa namiji, muka aro shi da al ɗinsa a manne kamar yadda muka yi wa annabi da attajiri da azahar. Al'aura ita ce wurin da yake a buɗe wanda ake tsoron a shigo ta nan, munafukan Madina a yaƙin Ahzab da suna neman gudu cewa suka yi gidajenmu aura ne, wato ba tsaro. Ni a ganina duk cikin kalmomin ba wadda ta kai wannan dacewa a koya wa yaro, dan ma'anarta wuri ne da ake tsarewa.

Maniyyi da maziyyi da wadiyyi kuma, ai littafin Risala da muke karantawa a zaure da islamiyya, na Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, dasu ya buɗe babin tsarki, kuma littafi ne da aka rubuta dan koyar da yara. Maniyyi shine mai fita da tunkuɗa lokacin babbar sha'awa, shi ke wajabta wanka. Maziyyi farin ruwa ne tsinkakke mai fita lokacin wasa ko tunani, alwala yake karyawa. Wadiyyi fari ne mai kauri da kan biyo bayan fitsari, hukuncinsa na fitsari ne. Mutane da yawa suna wahalar da kansu da wanka sau biyar a rana cikin sanyin hunturu a kan abinda alwala ta isar, wasu kuma suna sallah ba wankan da ya wajaba, duk dan ba'a taɓa zama an bambance musu sunaye uku ba.

Bari in ƙara miki wani abu da zai sa ajin ya saki jiki. Haila ai haid ce a Larabci, baƙin nan na ƙarshenta, wato dad, da Larabawa ke alfahari dashi mu lam muke mayar dashi, shi yasa muke da alƙali da alwala da farilla da lalura da liyafa. Wannan yana nuna miki cewa kalmomin nan ba jiya suka shigo ba, sun bi ta bakin malaman zaure tun ƙarnoni har suka zama 'yan gida.

TAMBAYA: Malama gaskiya ne kalmar luwaɗi daga sunan Annabi Luɗu (AS) aka ciro ta? In haka ne ba rashin ladabi bane ga Annabin Allah? Wani bawan Allah daga Maraɗi.

AMSA: Gaskiya ne malam, liwaɗ ce a Larabci, malaman fiƙihu suka gina ta daga jumlar aikin mutanen Luɗu, dan a taƙaita. Bata cikin Alƙur'ani, can alfasha aka kira abin, kamar a A'arafi aya ta 80, kuma lafazin da ya zo a hadisi shine aikin mutanen Luɗu. Damuwarka wasu malamai ma sun yi ta, sun fi son a faɗi jumlar a cike dan kada a jingina sunan wanda ya yi hani ga abinda ya hana, wasu kuma suka ce ba komai tunda kowa ya san mutanensa ake nufi kuma magabata sun yi amfani da ita a littattafansu. Turawa su da sunan garin suka gina tasu, Saduma. Kalmar da suke kiran masu maɗigo da ita kuma daga sunan wani tsibiri ne na ƙasar Girka, Lesbos. In zuciyarka ta fi natsuwa da faɗin jumlar a cike to ka riƙe ta.

TAMBAYA: Anti barka da aiki, ni tambayata a kan kalmomin zamani ce, naga yanzu a Facebook da TikTok kowa sai yace sex ko oza rum ko harka, shin wannan ba ɓata Hausa bane? Sannan kakata tana cewa kilaki, meye shi? Ƙanwarki daga Kaduna.

AMSA: Ƙanwata aro ba sabon abu bane, kuma kakarki ma aro ta yi. Kilaki daga Turanci take, sunan akawun ofis ne a zamanin Turawan mulki, sai aka laƙaba wa matan bariki masu ado da rayuwa irin ta 'yan boko, har ta zama sunan karuwa mai aji. Shi kansa bariki daga sunan mazaunin sojoji da Turawa ne, daga nan aka samu ɗan bariki da barikanci da ta shiga bariki. Ashawo kuma daga Yarbanci ta zo, asalinta mai canjin kuɗi. Namu na gida akwai iskanci daga iska, da neman mata, da bin maza, da kwartanci, da farka, da dadiro, sannan yanzu 'yan jarida sun fi cewa mata masu zaman kansu.

Oza rum kuwa a gabanmu aka haife ta. A watan Oktoba na 2016 ne, Shugaba Buhari yana Jamus tare da Angela Merkel aka tambaye shi game da hirar da uwargidansa A'isha ta yi da BBC Hausa, ya bada amsar da ya ambaci kicin da falo da ɗaya ɗakin, wato the other room da Turanci, kafin kace kwabo ɗaya ɗakin nan ya zama sunan abinda Bahaushe ke kira turaka. Ita kuma kalmar Turancin da kika fara kawowa daga Latin take, asalinta rabuwar halitta zuwa namiji da mace ne, shi yasa in kika ganta a fom ɗin makaranta ko na asibiti jinsinki ake tambaya, ma'anar kwanciya daga baya ta hau kanta. Dalilin da yasa matasa ke rugawa gare ta shine baƙuwar kalma bata da nauyi a baki, abinda yarinya bazata iya faɗa da Hausa ba sai ta faɗa da Turanci ko gezau. Nan ne damuwata take, ba wai Hausa zata ɓaci ba, Hausa ta haɗiye Larabci da Turanci da Faransanci ta zauna lafiya. Damuwata ita ce saurayi ya turo miki maganar da in da Hausa ya faɗe ta da tuni kin toshe lambarsa, amma dan ya naɗe ta da Turanci sai ta wuce kamar wayewa. Ki riƙa mayar da saƙon zuwa Hausa a zuciyarki ki ji ko zaki yarda a gaya miki shi a zauren gidanku.

TAMBAYA: Malama ni ma'aikaciyar jinya ce, matsalarmu kullum mace zata zo tace sanyi ke damunta, shikenan bazata ƙara komai ba. Ya zamu yi da wannan kunyar? Daga Azare.

AMSA: Sannunku da aiki 'yar'uwa. Sanyin nan ya zama buhu, kowa abinda ya ga dama yake zubawa a ciki, ƙaiƙayi sanyi, fitar ruwa sanyi, zafin fitsari sanyi, ciwon mara sanyi, rashin haihuwa sanyi, ɗaukewar sha'awa ma sanyi, alhali a da in an ce ciwon sanyi cuta ɗaya ake nufi wadda ake ɗauka ta saduwa, kamar yadda tunjere take da sunanta daban. Kuma kin fi ni sani, wani daga ciki ba ruwansa da saduwa, wani kuma in ba'a haɗa da mijin an yi magani tare ba to aikin banza ake yi. Mai maganin gargajiya da lasifika a bakin kasuwa shi ya gane wannan, ya ɗauki kalma ɗaya ya sayar da gora ɗaya ga cuta goma.

Shawarata kada ki jira ta faɗa, ke ki faɗa ita ta amsa da eh ko a'a. Ki sallami wadda ta rako ta, musamman in uwar miji ce, ki ja labule ki rage murya, ki ce Hajiya akwai ruwa mai fita ta gaba, wane launi ne, yana wari, kina jin zafi lokacin da maigida ya kusance ki, shi ma yana kuka da wani abu, kina da abokiyar zama. Da kalmomin nan na mutunci zaki samu duk abinda kike nema. Alƙalai ma haka suke fama, mace zata tsaya tace baya bani haƙƙina, sai alƙali ya tambaya haƙƙin ci da sha ko na shimfiɗa, dan hukuncin ba ɗaya bane. Ko a saki, in ba'a yi dukhuli ba rabin sadaki ne kuma ba idda, kinga kalma ɗaya ta canja dukiya da watanni.

TAMBAYA: Malama ina cikin damuwa. A unguwarmu wani magidanci ya yi wa yarinya 'yar shekara bakwai ta'asa, amma kowa sai cewa yake ya yi lalata da ita, har a rediyo haka naji, wasu ma suna cewa a rufa asiri. Yarinyar ashe ta daɗe tana gaya wa uwarta wai baba wane yana mata wasan banza, uwar bata gane ba. Ni ina da 'ya'ya mata uku, wace kalma zan koya musu, kuma lalata da fyaɗe ɗaya ne? Uwar yara daga Kano.

AMSA: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba yarinyar nan lafiya ya saka mata. 'Yar'uwa ba ɗaya bane, kuma wannan ce tambayar da ta fi tsaya min a rai cikin duk wasiƙun watan nan. Ki saurari jumlar da kyau, ya yi lalata DA ita. Wannan da ɗin na tarayya ne, irin na ya yi ciniki da ita, ya yi hira da ita, yana nuna mutum biyu ne suka haɗu a kan abu. Yarinya 'yar shekara bakwai bata yi tarayya da kowa a komai ba. Haka in aka ce ya lalata ta ko ya ɓata ta, an mayar da ita kayan da ya lalace, shi kuma mai laifin ya fita fes, kuma da wannan tambarin zata girma har ranar da za'a zo neman aurenta a fara raɗe-raɗi. Hausa tana da kalmar abin, fyaɗe, 'yar'uwar fyaɗawa ce, a fyaɗa mutum da ƙasa, ƙarfi da zalunci suna cikin kalmar tun daga tushe. Ya yi mata fyaɗe, mata, ba da ita ba. Ina roƙon 'yan'uwana 'yan jarida da masu fassara labarai su daina sakaya wannan.

Zina ma ba ita bace a ɓangaren yarinyar. Larabawa suna kiran fyaɗe igtisabi, daga gasbu wato ƙwace, kuma Imamu Malik a Muwaɗɗa ya yi babi a kan macen da aka tilasta, yace ba uƙuba a kanta, uƙuba tana kan wanda ya tilasta ta kuma zai biya ta sadakin irinta. A dokar Final Kod (Penal Code), wato kundin hukunta laifuka da ake aiki da shi a Arewa, sashe na 282, in yarinya bata kai shekara 14 ba to ko an ce ta yarda fyaɗe ne. Dokar hana cin zarafi ta tarayya ta 2015 ta faɗaɗa ma'anar ta haɗa da yara maza da manyan maza, dan su ma ana yi musu. Jihar Kaduna kuma a 2020 ta sa hukuncin dandaƙa ga wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14.

Masu cewa a rufa asiri su sani shi addinin da ya koya mana sakayawa shi ya nuna mana inda ake ajiye ta. Lokacin da Ma'izu ya zo yana iƙirari a kan kansa cewa ya yi zina, Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi ko dai sumba ka yi, ko taɓawa, ko kallo, daga ƙarshe ya tambaye shi da kalmar kai tsaye, mai ruwayar yace bai sakaya ba, dan magana ce ta hukunci da ran mutum. Asirin da ya kamata a rufa na yarinyar ne, kada a yaɗa sunanta ko hotonta a waya, amma shi a kai shi gaban hukuma dan in aka bar shi gobe 'yar wani ce.

Yanzu ga 'ya'yanki. Yarinyar nan ta yi magana, kalmar da take da ita ce bata isa ba, wasan banza a kunnen uwa zai iya zama tsokana ko cakulkuli. Tun suna shekara uku zuwa huɗu, lokacin wanka, ki koya musu sunaye na mutunci amma tabbatattu, nan gaba ne, nan ɗuwawu ne, nan ƙirji ne, duka sunansu al'aura, kuma ki tsaya a kan suna ɗaya, kada yau ki ce abu gobe ki ce wajen fitsari jibi ki ƙirƙiro wani sunan wasa da ba wanda zai gane in sun faɗa wa malamarsu ko likita. Ki gaya musu ba mai gani ba mai taɓawa sai ke lokacin tsarki ko likita kina tsaye, ko kawu ne ko malam ne ko yayansu ne ko mai shagon da ke basu alawa, kuma duk wanda yace kada ki gaya wa Umma to a ranar za'a gaya wa Umma. In ɗaya ta zo da magana irin wannan kada ki daka mata tsawa ki ce rufe min baki mara kunya, ki zaunar da ita ki ce nuna min ina ya taɓa, da me, sau nawa, a ina. 'Ya'ya maza ma haka, kuma ki raba musu makwanci in sun kai shekara goma kamar yadda hadisi ya ce.

Ki kuma isar wa uwar yarinyar can da wannan in bata riga ta sani ba, da sauran matan unguwa. In abu irin haka ya faru asibiti ake fara zuwa, kafin a yi wa yarinya wanka ko a wanke kayan jikinta ko a sa ta cikin ruwan zafi, dan shaidar tana jiki da tufafi, kuma maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki cikin awa 72 ake fara shi, in an wuce haka baya aiki. Ko an makara ma a je, a duba ta a rubuta rahoton likita, a riƙe takardar a kai wa 'yan sanda.